Akwatin Cigiya

Aji biyar na yi a lakwal, makarantar boko, anka kore ni. Abin da na tsira da shi gyaran rediyo ne, shi ma wani tsohon makanike na asibitin mishan ya koya mini, Allah shi saka mishi. Shi ya nuna mini yadda ake juya aikin, akwati ya bar karɓar magana ya koma aika ta.

Cikin shekarun da Buzaye ke tawaye a arewa na haɗa nawa, da gwangwanin biskit da batirin mota da waya bisa doguwar sanda. Muryata ba ta ƙetare tudun Allakaye. Kowace safiya cigiya nake yi: wane ya ɓatar da akuya, an tsinci jaki mai yankakken kunne, an yi rasuwa gidan wane. In faɗa da Hausa, in maimaita da Buzanci, don makiyaya su ke tsintar dabba. Buzancin a bakin kakata na same shi, wadda ta tsufa tana daka wa masu raƙuma. Ba so ya sa ta iya shi ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi jandarmomi biyu sunka tsaya ƙofar rumfata. Babban ya ɗaga kai ya dubi sandar.

"Ina takardar izini?"

"Izinin cigiyar akuya, shef?"

"Iskar nan da kake zuba surutu ciki, ta ubanka ce? Ta gwamnati ce. Kuma wa kake yi wa Buzanci?"

Na ce masu kiwo. Ya ce su ma nasu masu kiwon suke nema, waɗanda sunka shiga tawaye. Sunka ɗauki akwatin, sunka bar mini sanda. Maigari yana tsaye, mutumin da nake kira wa jama'a duk lokacin da yake son taro. Da anka tambaye shi abin da nake faɗa a rediyon, sai ya ce shi kunnensa ya daɗe da nauyi.

A birgadi, ofishin jandarmomi, kwamanda ya ce in rubuta roƙo zuwa Yamai. Na rubuta da Faransancin aji biyar, sau uku, ban ji ko tari ba. A gari kuwa suna ya bi ni, wai ɗan tawaye. Masu kawo mini gyara sunka koma kai rediyonsu Madawa, gudun a gan su rumfata. Na koma gona.

Da anka yi sulhu, doka ta sake. Wasu masu farar mota sunka kafa gidan rediyo kusa da mu, manya sunka zo buɗewa, har da tafi. Na kunna in ji abin da ya fi nawa. Cigiyar akuya ce, da Hausa da Buzanci.

Washegari na sa rigata ta Juma'a na tafi birgadi neman akwatina. An canja kwamanda, sabon yaro ne mai ladabi.

"Baba, ina takardar da anka ba ka ranar da anka karɓa?"

"Ba a ba ni ba."

"To ka ga, ba mu da shaidar naka ne."

Ina kallon akwatin fa. Ga shi nan ƙasa, an cika shi da yashi an tokare ƙofar ofis don kada iska ta rufe ta. Har ɗaurin wayar da na yi da hannuna yana nan. Na nuna, ya duba, ya ce in rubuta roƙo.

Ban rubuta ba. Da zan fita sai da na tsallake shi.