Kwamfutar da Yaya Usman Ya Kulle

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan babbar Sallah ce, shekarar da na shiga ajin ƙarshe na firamare. Muna zaune a rumfar tsakar gidanmu a Umbadda ta gefen Omdurman, Inna tana toya kisra, siririyar wainar dawa, sai ta ɗago kai ta ce, "Hauwa, kunna mini akwatin nan in ga fuskar yayanki." Na kunna. Allon ya nuna sunan Yaya Usman, da wani ɗan gurbi a ƙasa yana jiran kalmar sirri. Duk gidan babu wanda ya san ta.

Yaya Usman ne ya sayo kwamfutar, tsohuwa, daga kasuwar Omdurman, kuma shi kaɗai yake taɓa ta. Aikina bai wuce in share ƙasan teburin in rufe ta da tsohon mayafi ba. Da ya tafi arewa haƙar zinari sai ya bar ta a kulle. Can inda suke waya ba ta shiga, har azumi ya wuce, Sallah ta wuce, ba mu ji muryarsa ba. Hotunansa kuwa duk suna ciki. Na gwada sunansa, na gwada na ƙungiyar ƙwallon da yake so, ta ƙi. Mai gyaran waya na bakin titi ya ce maganinta farmata, wato a goge komai a zuba sabon sistam. Inna ta ce ko kusa, gara ta zauna a kulle.

A lokacin akwai wata ɗaliba 'yar Damagaram, Yaya Rabi, da ke karatu a jami'a a Khartum. Duk Juma'a takan hau bas ta zo gidanmu cin tuwo da miyar kuka, don ta ce ful, dafaffen waken da ake ci kullum a nan, ya ishe ta. Da ta ji zancen sai ta yi dariya ta ce, "Inna, ai ba a rushe ɗaki da kaya a ciki." Mako na gaba ta zo da filashi da wani faifan ajiya, amma ta ƙi zama a kujerar gaban kwamfutar. Ni ta zaunar. Ta nuna mini maɓallin da ake dannawa da zarar an kunna, don kwamfutar ta tashi daga filashin maimakon daga cikinta. Sai ga wani sistam daban ya buɗe, bai tambaye mu komai ba, ga kayan Yaya Usman nan a jere. Na buɗe hoton farko: shi ne a bakin kogi a Aljirif, riga a kafaɗa, yana yi wa mai ɗauka gwalo. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Kisrar ranar ta ƙone.

Sai da muka kwashe komai zuwa faifan, muka buɗe muka tabbatar yana nan, sannan Yaya Rabi ta bar ni na danna gogewa. Yaran maƙwabta suka cika tabarma suna kallon layin da ke cika a hankali a kan allon. Ya kai rabi aka ɗauke wuta. Na fashe da kuka, a zatona na kashe ta. Yaya Rabi kuwa ta ci gaba da shan shayinta, ta ce abin da aka ajiye a waje ba ya tsoron ɗauke wuta. Bayan la'asar aka dawo da wutar, muka sake daga farko.

Daga nan kula da ita ya dawo hannuna. Na koyi bincika kowane filashi kafin in buɗe shi, domin na 'yan ajinmu cike suke da bairos. Na koyi sabunta manhajar tsaro duk lokacin da muka sami intanet, da kwance murfin in hure ƙurar fanka. Na buɗe wa kowa nasa sashen, har da ƙanina Sani, wanda na hana shi ikon saka wasanni. Kalmar sirrin babban sashen kuwa da Hausa na haɗa ta, doguwa, na sa Inna ta haddace.

Yaya Usman ya dawo da damina, ya rame, ya yi baƙi. Da ya huta ya zauna gaban kwamfutar ya buga tsohuwar kalmarsa, ta ƙi. Ya juyo yana huci, "Wa ya taɓa mini kaya?" Inna ta ce, "Mai gidan ce, ga ta nan. Ka roƙe ta." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya matsa mini a kan kujerar.

Yanzu aikina ke nan a wani ofis a gabashin ƙasar. Ina zuba sistam a kwamfutoci da yawa a wuni ɗaya, babu mai ko waiwayowa. Tun da yaƙi ya raba mu da Umbadda, Inna tana wajen dangi a wani gari, Usman ya ƙetare iyaka, Yaya Rabi kuma ta daɗe da komawa gida. Kowa da wayarsa, kowa da kalmar sirrinsa. A da kujera ɗaya ce, kuma tana isar mu.