Tsokar da Muka Binne a Gindin Lemo

A gidanmu na Madaki ba a zubar da komai na jikin mutum. Gashi, farce, haƙori, duk Inna a gindin lemo take tona rami ta binne. Shi ya sa da aka yanki 'yar tsoka daga kumburin wuyan Baba a asibiti, ta hana ni sakat: ina naman mijinta?

Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. An riga an ce mana ciwon daji ne, to riƙon me suke yi wa sauran? A kasuwa nake wuni ina sayar da atamfa, babu irin labarin da ban ji ba a kan abin da ake yi da sassan mutane. Na je ɗakin gwaji na tsare ma'aikaciyar wurin. Ta nuno mini tsokar a daskare cikin farin kaki irin na kyandir, bai kai kwalin ashana ba.

Ta ce, "Hajiya, ki bar shi a nan, akwai rinin da ba a yi ba tukuna."

Rini? Mai sayar da zane za a yi wa wayo da rini? Na shara mata ƙarya cewa wani asibiti za mu kai, na sa hannu na karɓa. A ranar Inna ta binne shi.

Bayan kwana goma likita ya nemi tsokar. Ya ce ciwon iri-iri ne. Sai an ɗiga mata wani sinadari, in ta rine ta yi ruwan ƙasa, to irin wanda ke da nasa magani ne. In babu ita, sai a sake yi wa Baba tiyata, wanda a lokacin ko kunu da ƙyar yake haɗiyewa.

Kunya ta kama ni, amma tsoro ya fi ta. Da cokali na tona gindin lemon, Inna na tsaye tana cewa, "Ba nan ba, matsa gaba kaɗan." Na same shi naɗe a farin ƙyalle.

Da na mayar, ma'aikaciyar ta kakkaɓe ƙasar, ta ɗiga sinadarin. Tsokar kuwa ta yi ruwan ƙasa. Aka fara magani, amma taurin kaina ya riga ya ci sati uku.

Baba ya ƙara ganin damina ɗaya, ya rasu. Har yau ban tambayi likitan ko sati ukun nan ne suka jawo ba. Yanzu na yarda da shi, tsoro nake ya gaya mini gaskiya.