Hular Buta Mai Rufin Japan

Har gobe ban mance da ranar da muka miƙa hular butar nan ba. A shekarun dubu biyu da goma sha ne, ina aiki a wani ƙaramin shagon saƙa a Brooklyn. Ni ke zana samfuri, masu saƙa su bi, sai a wanke da ruwan sanyi a shanya, Madam mai shago ta duba kafin a miƙa.

Wata tsohuwa 'yar Japan ta kawo mana butar shayinta da hoton gidan da aka haife ta, mai dogon rufin ciyawa kamar tafin hannu biyu a haɗe. Gidan ya rushe tuntuni. Tana son a saƙa wa butar hular ulu mai siffarsa, irin wadda ke riƙe zafin shayi. Na sha fama da zanen, domin ulu ba ya son tsayuwa. Fati, wata 'yar Kumasi da ba ta daɗe da fara aiki ba, ita ta saƙa.

Ranar miƙawa na sauko daga jirgin ƙasan da ke tasowa daga unguwar Parkchester, na shiga shago, na tarar da Fati a bakin famfo, riƙe da hular. Da ruwan zafi ta wanke, ulun ya tsuke ya yi tauri, hular ta ƙi shiga butar. Ta ce min a hankali, “Anti Rabi, yau kam aikina ya ƙare.”

Madam ta shigo, ta juya hular, ta tambayi wanda ya wanke. Na ce ta ba ni almakashi tukuna, maganar ta biyo baya. Ulun da ya tsuke haka ba ya warwarewa in an yanka, amma ban taɓa gwadawa a kan kayan mutane ba. Na yi bisimilla na tsaga gefe ɗaya don hular ta buɗe ta shiga butar. Bai warware ba. Fati ta share hawaye ta saƙa wani ɗan ƙyalle a matsayin ƙofar gidan, na ɗinke shi a tsagar. Ana sa zaren ƙarshe ƙararrawar ƙofa ta kaɗa, tsohuwar ta shigo.

Madam ba ta ɓoye komai ba, ta gaya wa tsohuwar abin da ya faru. Matar ta ɗora hular a kan butar, ta daɗe tana shafa rufin da yatsa. Can ta tambayi wadda ta saƙa. Fati ta matso, kai a sunkuye. Tsohuwar ta riƙe hannun Fati biyu ta rusuna mata.

Da ta tafi, Madam ta ce wa Fati, “Gobe ki zo da wuri, in nuna miki wanki.”

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin masu saƙa: idan aiki ya ɓaci a sana'ar nan, a fara ceto kayan. Sau da yawa kafin a gama, neman mai laifin ya fita ran kowa.