Zauruka Huɗu da Hannun Ƙanena

Da ƙotar hauya na karya hannun ƙanena, a cikin mangazar da muke ajiye aya a Agiye, da rana tsaka, mutane suna kallo. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, kuma ni na riƙe wannan hannun na kai shi lakol, makarantar boko, ranar farko.

Aya muke saye a ƙauyuka, mu tara, mu sayar wa manyan 'yan kasuwa. Ni na san aya, shi ya san boko. Da ya gama karatu a Maradi ya dawo da ordinata, wato kwamfuta, ya buɗe mana shafi a intanet, da hotunan buhuna da lambar wayata. Na ɗauka wasa ne, sai ga kira daga Kano da Kwatano, mutanen da ban taɓa gani ba. In mutum ya rubuta ayar Agiye a wurin bincike, mu ne a sama.

Shafi yana da adireshi kamar gida. Na farko sunan ƙauyen mahaifinmu ne, can wajen Gangara. Da wani Alhaji ya shigo cikin harkar, na ce a sake adireshi a sa sunansa. Da muka zama ƙungiya da manoma, na ce a sake. Da muka dawo Agiye, na kuma sa aka canja. Kowane canji, ƙanena yakan sa tsohon adireshi ya tura baƙo zuwa sabo, yadda mai rumfa in ya tashi yake barin sallahu wurin maƙwabci.

A canjin ƙarshe ya same ni ina ɗinke bakin buhu.

"Yaya, bari in sa dukkansu su nuna sabon kai tsaye. Yanzu na Baba yana miƙa wa na Alhaji, na Alhaji ga na ƙungiya, sannan a iso gare mu. Kuma yawancin masu ambatonmu na Baba suka sani."

"To sai mi? Baƙo in ya zo gida, ta zaure yake bi ko ta katanga?"

"Zaure guda, Yaya, ba huɗu ba. Injin da ke jera shafuka ba ya da haƙuri. In aka yi ta miƙa shi, sai ya bar mu ƙasa."

"Injin ya fi Alhaji girma? Mutumin da ya tallafe mu a tsallake sunansa? Da wane ido zan dube shi?"

Ya yi dariya. "Alhajin da ko wayarsa sai an buɗe masa?"

Na daka masa tsawa na ce kada ya taɓa komai. Bai taɓa ba.

Bayan kaka waya ta yi shiru. Wani ɗan kasuwa na wajen Gazawa ya hau samanmu, mu muka yi ta gangarowa har sai an juya shafi kafin a gan mu. Wani tsohon mai sayenmu ya ce mini ya taɓa sunanmu, abin ya yi ta juyawa, ga rezon waya ba ƙarfi, ya gaji ya fita. Buhuna suka kai rufi. Manoman ƙungiya suka fara yi mini gaisuwa gajeriya.

Ranar kasuwar Gangara, dillalin mutumin Gazawa ya tare ni gaban jama'a.

"Baba, ayar taka ta ado ce bana? Ka tambayi ɗan bokon gidanku mana. Na gan shi yana shan shayi da maigidana."

Na shaƙe shi. Na buga kansa da ƙarfen amalanke har jaki ya zabura, jini ya ɓalle masa ta hanci ya jiƙa mini hannun riga. Da ƙyar mahauta suka ɓamɓare yatsuna daga wuyansa. Ban wanke hannu ba na hau moto.

Na iske ƙanena a mangaza, gaban ordinata. Ya ɗago ya ce, "Yaya, jinin wane ne wannan?"

"Ka sayar da ni, munafuki?"

Ƙotar da muke tokare ƙofa da ita tana jingine. Dukan farko ordinata ta samu, gilashinta ya watse cikin aya. Na biyu a kafaɗarsa, ya faɗo daga kujera. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, na sauke da dukan ƙarfina. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Ban tsaya ba. Na ƙara masa a haƙarƙari, na ƙara a kan yatsun, yana birgima cikin ƙasa yana cewa, "Yaya, ni ne! Yaya, ni ne fa!" Masu dako suka danne ni a kan buhuna, ina cizon ɗaya a dantse.

A asibiti wani jandarma ya zo tambaya. Ƙanena ya ce buhuna ne suka zubo masa. Jandarman ya dubi rigata, ya dube shi, ya fita.

Da muka rage mu biyu ƙanena ya ce, yana kallon bango, "Mutumin Gazawa aiki ya kira ni in yi masa. Na sha shayinsa na ce a'a, ina da yaya."

Bayan an sallame shi ya ari ordinata. Ya zauna da hannu a ɗaure, ya ce, "Ranka ya daɗe, an ba ni izini in rushe zauruka?"

Bai taɓa ce mini ranka ya daɗe ba sai ranar. Na ce ya yi. Da yatsan hagu guda ya yi aikin, tun shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gama. Kowane tsohon adireshi ya koma nuna sabon kai tsaye. A hankali muka hau, waya ta dawo tana ƙara. Alhaji har Allah ya yi masa rasuwa bai san an tsallake shi ba.

Ƙashin ya haɗe a karkace, yatsun ba sa dunƙulewa. Ƙanena ya kwashe iyalinsa ya koma Maradi, daga can yake duba mana shafin. Sai da salla yake zuwa, kuma har yanzu akushi ɗaya muke ci, don ba ya so a yi magana a gari. Sallar farko na ga ya kai hannu cikin tuwo ya kasa yanko loma, ya sake kaiwa ya kasa, ya janye ya ce ya ƙoshi. Tun daga ranar na ce wa uwargida ta riƙa kawo cokali biyu. Shi yakan maƙale nasa tsakanin yatsu, ni ma in ɗauki nawa. Bai taɓa ce mini komai a kan cokalin ba, amma yana cinye rabonsa.