Rigar Fadar Koriya a Shagon Wanki

Ban taɓa taka ƙasar Koriya ba, kuma da wuya in taka yadda shekaru suka ja. Abin da na sani game da ita a bayan wani shagon wanki da guga na san shi, a gangaren unguwar Highbridge, nan ƙasar Turawa, inda na yi shekaru ina gyaran kayan mutane. Mai shagon tsoho ne Bakoriye, matarsa ta rasu, ɗansa guda ne, yana aiki a wani asibiti. Ni ina ce masa Baba, shi kuma Malam yake ce mini, don ya ji 'yan Nijar masu kawo wanki suna kirana haka. Da guntun Turanci muke magana, nasa a karye, nawa a karye. In na rubuta awon wando da ajami sai ya leƙo ya ce tsutsotsina sun fito yawo. In ya yi nasa rubutun, in ce masa ya jera tubali bai yi rufi ba.

Kafin in zo ƙasar nan aikin babbar riga nake yi da hannu, wanda na koya wurin kawuna a Kano. A nan kuwa sai sa maɓalli da rage ƙafar wando. Baba ya san wannan, domin ya taɓa ganin rigata ranar Sallah, ya daɗe yana shafa aikin wuyanta.

Wata ranar Litinin ya shigo da akwati na katako, ya wanke hannu, sannan ya buɗe. Riga ce ta alharini, shuɗiya mai duhu kamar an fito da ita daga marina, wuyanta a zagaye, hannayenta masu faɗi. A ƙirji da baya an liƙa wani ƙyalle mai kusurwa huɗu, an yi masa aiki: gauraka biyu farare cikin gizagizai, ƙarƙashinsu igiyar ruwa da duwatsu. Akwai ɗamara mai tauri, da baƙar hula mai kunnuwa biyu a baya. Ya ce kayan fadawan sarkinsu ne na da, tsuntsayen nan su ke nuna muƙamin mutum. Amma ranar aure ko talaka ana yarje masa ya sa. Kakansa ya sa ta, mahaifinsa ya sa, shi ma a cikinta ya duƙa wa iyayensa. Yanzu ɗansa zai yi aure, yana so yaron ya duƙa masa a cikinta.

Na ɗaga hannun rigar a hankali na duba ta a haske. Na ce, "Baba, alharinin nan ya mutu. Zaren da kansa yake karyewa."

Ya ce, "Ni ma na mutu rabi, Malam, amma kullum ina buɗe shago. Gyara."

Akwai wata damuwar kuma da ban iya faɗa masa ba. Fiffiken gauraka ɗaya ya warware, kuma tun ina makarantar allo aka gargaɗe mu kan siffanta abu mai rai. Duk aikin da hannuna ya saba, aska ne da tambari da layuka, babu ido babu baki. Ranar Juma'a bayan an sauko na tsaya wurin limaminmu a titi na 116, na yi masa bayani. Ya ce, "Kai ne ka ƙirƙiri tsuntsun?" Na ce a'a, Allah gafarta malam. Ya ce, "To riƙe abin da yake nan, kada ka ƙara masa ko gashi ɗaya. Kuma maƙwabci yana da haƙƙi." Haka na yi. Na kwantar da tsoffin zaruruwan a inda suke, na ɗaɗɗaure su da zare siriri, inda gashi ya ɓace na bar wurin fili. Na yi wa kafaɗu shafi daga ciki. Makonni ina yi tsakanin wando da wando, kuma duk inda allura ta shiga ina jin yadin yana ba da kai ba tare da gardama ba, abin da ba ya yi wa maɗinki daɗi. Baba kan tsaya a kaina da kofin shayi, ya ce, "Ka ga, tana farfaɗowa." Ni dai sai in ce Allah ya sa.

Yaron ya zo gwaji wata Asabar da rana, da kayan asibiti a jikinsa. Haifaffen nan ne, ya fi ubansa tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Uban yana masa yarensu, shi yana amsawa da Turanci, kamar dai yadda 'yata take yi mini. Yaro ne mai kirki. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce cikin dariya, "Kawu, kai ma ya sa ka a wannan rigimar? Na gaya masa a zauren bikin akwai irinta, har da hula."

Uban ya ce, "Waccan labule ce."

Mu biyu muka sa masa ita, muna lallaɓawa. Ta shiga da ƙyar. Baba ya ɗaura masa ɗamara, ya ɗora hular, ya ja da baya. Sai na ga fuskar tsohon ta canza, ya gyara tsayuwa kamar wanda aka shigo da shi gaban manya. Ya jawo kwali ya shimfiɗa a ƙasa tsakanin injin guga da teburin karɓar kaya, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya ce wa ɗan ya gwada gaisuwar.

Gaisuwar tasu ta kai har ƙasa. Mutum yana haɗa hannaye a gaban goshi, ya durƙusa, ya kifa. Na kawar da kai, domin a wurinmu goshi na Allah ne kaɗai. Saboda haka ban gani ba, ji na yi. Sauti ne ɗan ƙarami, kamar an yaga takarda a ɗaki na gaba. Da na juyo, bayan rigar ya rabu daga wuya har ɗamara, ƙyallen gaurakan yana reto da gefe ɗaya. Yaron yana durƙushe bai motsa ba, yana tsoron kada ta ƙara. Ya ce, "Baba, yi haƙuri. Kawu, ba za ta ɗinku ba?"

Na duba. Bakin yagewar yana zama gari a yatsana. Babu inda allura za ta kama. Na girgiza kai.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce wa ɗan, "Ƙarasa." Yaron ya kai goshinsa kan hannayensa, ya ɗago, rigar tana ƙara buɗewa. Tsohon ya gyaɗa kai, ya miƙe da ƙyar, ya koma wurin guga, domin akwai mai jiran kwat.

An gayyace ni bikin, na je. Ango ya fito cikin rigar zauren, mai sheƙi, tsuntsayenta na inji, an maƙale ta da fil a baya. Mutane suna tafi, suna ɗaukar hoto da waya. Baba yana zaune kan matashi, ya karɓi gaisuwar, ya jefa wa amarya dabino a zane kamar yadda al'adarsu take, idonsa yana kan tebur.

Daga nan ya rage zuwa shago. Da sanyi ya shigo sai ɗan ya mayar da shi gidan kula da tsofaffi a hayin kogi, aka sayar da wurin. Na ziyarce shi sau ɗaya, da lemo a leda. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya da yarensu, amma bai gane ni ba, ya tambayi mai kula da shi ko ni likita ne. Na zauna har lokacin la'asar ya yi, na yi masa sallama, na fita neman bas.