Irin da Muka Cinye

A ƙauyenmu na wajen Baure, da an idar da sallar isha'i, kakata Tabawa takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce mai zama a jikin ƙafarta, don tun ina ƙarama komai tsoro yake ba ni. Kafin ta fara tatsuniya sai na tambaye ta ko wani zai mutu a ciki.

"Ke uwar fargaba," in ji ta, "bari tuwon ya nuna kafin ki ce ya ƙone."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta garin da yunwa ta kama. Manya suka cinye hatsin rumbu, suka cinye dusa, daga ƙarshe suka taru a ɓoye suka daka irin shuka suka yi fura. Da ruwa ya sauka babu abin da za a sa a ƙasa. Yara suka tattara za su bar garin. Sai wata yarinya ta kwance kitsonta, ƙwayoyin gero suka zubo, ashe uwarta ce ta ɓoye su a ciki. Da su aka tayar da garin.

"A ci komai, ban da iri," Kaka takan ce. Sai ta zaro kara mai wuta ta turmusa shi a ƙasa. "Na kashe ta. Ƙaryar Gizo ce, kowa ya kwanta." In ban ga hayaƙin karan nan ba, ba na barci.

Bara autana Nura ya kamu da wasu littattafan Turanci a wayarsa, ya gama wannan ya kama wancan. Ni da na tsaya a firamare ban iya bin su ba, na yi ta zullumin ko akwai saɓo a ciki. Da ya samo fim ɗinsu mai fassarar Hausa, na zauna muka kalla a tsakar gidanmu na Daura. Duniya ce da manya suka lalata, ba shuka, ba ruwan kirki, samari na ta gudu cikin kufai. Na yi ta jiran yarinya mai kitso har fim ya ƙare, ba ta zo ba. Ba kuma wanda ya ce ƙarya ce.

"Allah ya raba mu da irin wannan zamani," na ce.

Ya yi dariya. "Inna, ai a cikinsa muke. Gonar Baba an sayar don a yi mini makaranta, makarantar kuma ga ni zaune. Me zan shuka?"

Na ba shi tatsuniyar Kaka tun daga farko. Ya saurara da ladabi, ya ce tana da daɗi.

Kafin damina ya hau babur zuwa Mai'adua, ya tsallaka iyaka da abokansa, wai Libiya. Tun daga Agadas ban ƙara jin muryarsa ba.

Da ina yarinya, ni ce mai kitson a raina. Yanzu na san a cikin masu dakan fura nake, don da yardata aka sayar da gonar nan. In na gama girki nakan zaro kara daga murhu in turmusa shi a ƙasa, in ce na kashe ta. Hayaƙin yana tashi kamar na Kaka, amma shimfiɗar Nura tana nan a naɗe.