Dakashin da Ban Sha ba a Tarka

Ko sallar asuba a tasha muka yi ta, ni da wani abokina, sannan mota ta ɗaga daga Damagaram ta miƙi hanyar Tanut. Gwaggona ce ta aiko daga ƙauyensu a kwarin Tarka, kusa da Belbeji, cewa saniyarta ta kusa haihuwa, in zo in sha dakashi, nonon farko ke nan, in kuma taho mata da dusa. Wanda bai san Gwaggo ba zai ce wannan ai bai kai dalilin tafiya ba. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, fari ya share dabbobinsu kaf. Wani Bafulatani, aminin marigayin, shi ya ba ta saniyar nan habbanaye: ta riƙe ta sha nono, maruƙan da aka haifa nata ne, daga baya ta mayar da uwar. Shi ya sa take kiranta Baƙuwa. Ba ta da wani abin sa rai a duniya da ya wuce cikin saniyar nan.

Direba ya kunna rediyo, sai ga wani babba yana bayanin cewa gwamnati ta hana leda, kuma wannan karon ba wasa. Mota ta kwashe da dariya. Matar da ke gefena ta tsotse ruwan ledarta tas, ta wurga ta taga, ta ce ita tun tana goyon ɗanta na fari ake hana ledar nan, ga shi yanzu yana lakkol, makarantar boko. A Bakin Birji muka karya kumallo: ƙosai a leda, yaji a wata ƴar ƙaramar leda, koko ma a leda. A shingen hanya an duba takardunmu, an latsa buhun dusa, babu wanda ya tambayi leda.

Da muka bar kwalta muka koma wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mu da awaki da buhunan gishiri. Bazara ce, ƙasa fayau, ko tsinken ciyawa babu. Amma itatuwan aduwa sun yi baƙi ƙirin. Abokina ya ce kai, ƙasar nan ta Damargu akwai hankaki. Da muka matso muka ga leda ce ta maƙale a ƙaya, iska tana kaɗa ta.

Mun tarar da Belbeji ranar kasuwa ce. Na sayi cuku, na tsaya wajen wani dattijo mai saƙa kwandon kaba. Tun safe bai yi ciniki ba. Ya ce da ni, "Ɗana, wa zai sayi kwando alhali mai tumatir yana ba da leda kyauta? Su hana ta mana da gaske, mu ma mu ci abinci."

Bayan la'asar muka isa gidan Gwaggo. Ko ruwa ba ta bari mun gama sha ba ta ja mu turke. Sai ga Baƙuwa. Tana kwance, ana iya ƙirga haƙarƙarinta, amma ciki ya yi tulu. Gwaggo tana shafa shi tana murna, wai ko tagwaye ne. Ta ce tunda babu ciyawa, duk ranar da kasuwar ƙauyensu ta watse sai ta kora ta fili ta lashi abin da ya zuba, gishiri ne, garin ƙuli-ƙuli ne, duk abin da ta samu. Haka duk mai dabba ɗaya yake yi a garin, ba ita ta fara ba. Na zuba mata dusar da na ɗauko tun daga birni. Ta shinshina, ta kau da kai.

Na kira likitan dabbobi daga Belbeji, ya zo a kan babur. Ya danna cikin, ya sa hannu ya duba. Sannan ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, babu ɗa a nan. Leda ce. Tana jin ɗanɗanon gishiri a jiki sai ta haɗiye duka." Gwaggo ta ce ƙarya ne, ita da hannunta ta ji motsi. Ya ce da an gano da wuri da sai a tsaga a cire, amma yanzu ba ta da ƙarfin da za ta tashi daga aikin.

Da safe Baƙuwa ta kasa ɗaga kai. Maƙwabta suka ce a yanka kafin ta zama mushe, Gwaggo ta ce ba tata ba ce, ba a sa wa amana wuƙa sai da bakin mai ita. Da ƙyar muka same shi a waya, yana can wajen Tenhiya da garkensa. Ya ce a yanka, habbanaye in ta mutu ba a biya. Sai ya ƙara da cewa da yana da wata da ya aiko, amma shi ma nasa haka suke faɗuwa.

Mahauci ya feɗe. Da ya tsaga tumbi sai ga wani ƙaton dunƙule baƙi, leda ta murɗe da leda ta yi tauri kamar gammo, sai da ya sa hannu biyu ya ciro shi. Gwaggo ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Duba mahaifar." Ya duba, ya nuna mata. Babu komai. Ta ce to, ta shige ɗaki. Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, kuma na rasa wanda zan kama. Mai rediyo? Matar cikin mota? Ni da na ci ƙosai a Bakin Birji?

Washegari muka kamo hanya, ba mu iso Damagaram ba sai bayan magariba. Abin da na gano a tafiyar nan shi ne dokar da ake karantawa a rediyo ba ta taɓa sauka daga kwalta ba, kuma masu biyan kuɗin sakacinmu su ne waɗanda ba su da komai sai dabba ɗaya. Ban ga alamar gyara ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Da za mu rabu Gwaggo ta biyo ni bakin mota da tsarabar yara, cinyar Baƙuwa. Ta ce ba ta yarda in koma hannu wofi ba tunda ban sha dakashi ba. Ta nemi abin sakawa a gidan ta rasa, sai ta ƙulle mini shi a baƙar leda. Na karɓa.